Shin Mayar da Katniss Fagen Kisa a Catching Fire Ya Dace, Ko Maimaita Littafin Farko Ne?

Maikaratu_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota karatu. Daren jiya na kammala Catching Fire, littafi na biyu a jerin The Hunger Games na marubuciyar nan 'yar Amurka, Suzanne Collins, wanda ya fito a shekarar 2009, shekara guda bayan na farkon. Tun da na rufe shi akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na kawo shi gabanku. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri ya dakata a nan, domin ba zan iya fayyace abin da ke raina ba sai na tona labarin.

Littafin babi 27 ne, an kasa shi gida uku, kowane kashi babi 9. A babi 11 na farko ban ga abin kushewa ba, ina ma ganin sun fi littafin farko gaba ɗayansa. Shugaba Snow ya tako da ƙafarsa har gidan Katniss, jarumar labarin, a Gunduma ta 12, yana warin jini gauraye da ƙamshin furen wardi, ya shaida mata cewa dabarar da ta yi a gasar kisa ta littafin farko da 'ya'yan itacen nan masu guba, wadda ta tilasta aka bar ta ita da Peeta, yaron da aka ɗauko tare da ita daga gundumarsu, suka rayu su biyu, mutanen gundumomi sun fassara ta da bijire wa hukuma, don haka ko dai ta gamsar da kowa cewa soyayya ce ta ɗebe ta, ko kuma na kusa da ita su ɗanɗana kuɗarsu. Sai ga zagayen nuna zakaru a Gunduma ta 11, inda wani dattijo ya yi fito irin wanda marigayiya Rue, yarinyar gundumar da ta mutu a gasar da ta wuce, take yi, jama'a suka ɗaga yatsu uku, nan take dakaru suka janyo shi suka durƙusar da shi suka harbe shi a ka. Daga nan na zaci marubuciyar za ta bar mu a cikin gundumomin mu ga yadda tawaye yake tsirowa a tsakanin talakawa. Maimakon haka sai aka sanar da gasa ta 75, aka ce a wannan karon daga cikin tsofaffin zakaru za a fitar da masu shiga, aka sake kwasar Katniss da Peeta zuwa birnin Kafitol, fadar mulkin ƙasar, aka sake faretin keken doki, aka sake horo, aka sake hira a talabijin, aka sake jefa mutum 24 a fage. A ganina marubuciyar ta ga abin da ya sa littafin farko ya yi kasuwa ne, ta ji tsoron rabuwa da shi. Ina so in ji ko ni kaɗai nake ganin haka.

Ummu_Hanif:
Wa alaikumus salam Malam. Na yarda da kai a kan babi 11 na farko, amma a kan sauran na saɓa maka, kuma dalilina yana cikin dokar gasar kanta. Shekara 74 ana gudanar da wannan zalunci a kan alkawari guda ɗaya tak: kowace gunduma ta ba da yaro da yarinya 'yan shekara 12 zuwa 18, wanda ya tsira a cikinsu kuwa ya tsira ke nan har abada, za a ba shi gida da kuɗi, ba za a ƙara sa sunansa a ƙuri'a ba. Wannan ɗan alkawarin shi ne igiyar da ke riƙe da haƙurin mutane, domin uwar da aka ɗauke wa ɗa tana iya rarrashin zuciyarta da cewa wataƙila nata ne zai dawo. Ranar da Snow ya buɗe ambulan ɗin nan ya karanta cewa zakaru za su koma fage, da hannunsa ya tsinke igiyar. Littafin ya gaya mana cewa zakaru 75 aka taɓa yi, 59 suna raye, kuma a Gunduma ta 12 mace ɗaya ce kawai a cikinsu. Ka tuna ranar ƙuri'a, yadda Effie, matar Kafitol mai fitar da sunaye, ta dinga lalube a cikin tulun gilashi alhali takarda ɗaya ce a ciki, kuma duk wanda ke tsaye a dandalin ya san sunan da ke jikinta. Wannan wurin ya fi tsaya mini a rai fiye da duk wani faɗa da aka yi a fage. Da an bar Katniss a gida tana horar da wasu yara, da mun ci gaba da ɗaukar cewa mai sa'a yana da mafita a cikin tsarin, sai da aka mayar da ita muka tabbatar cewa babu.

DanGumel_84:
Ni dai ina bayan mai tambaya. Hujjar Ummu Hanif ta nuna cewa sanarwar ta dace, amma ba ta wanke yadda aka rubuta abin da ya biyo baya ba. An cinye babi 18 ana share fage, sannan aka cusa gasar duka a babi 9, kwana uku kacal. Mutum 8 suka faɗi tun a karon farko, yawancinsu ko sunansu ban riƙe ba. An nuna mana Cecelia ta Gunduma ta 8 tana ɓamɓare 'ya'yanta uku daga jikinta ranar ƙuri'a, na sa rai za mu zauna da ita ko da shafi biyu ne, sai kawai na ga hotonta a sararin sama cikin matattu. Mutuwar Rue a littafin farko ta hana ni barci, a nan kuwa babu mutuwar da aka ba ni lokacin jin zafinta.

Bintu_Damagaram:
Ina gaishe ku duka. Ni fassarar Faransanci na fara karantawa, daga baya na samu na Turanci, don haka sau biyu na bi ta cikin fagen nan, kuma ban ga inda ya yi kama da na farko ba in ban da suna. A littafin farko yara ne da ba su san juna ba, Katniss kuma yawancin lokacinta ita kaɗai take ɓuya a kan bishiya. A nan manya ne da suka yi shekara da shekaru suna haɗuwa a Kafitol, sun ci abinci tare, sun san raunin juna, wasu giya ta cinye su, wasu ƙwaya. Fagen kansa an gina shi ne kamar fuskar agogo, yanki 12, kowane yanki da masifarsa da sa'arta: aradu a kan doguwar bishiya da ƙarfe 12, sai ruwan jini, sai hazo mai guba, sai birai, sai tsuntsayen da ke kwaikwayon kururuwar waɗanda mutum ya fi ƙauna. Wiress, wadda kowa ya ɗauka ta zare, ita ce ta fara gano haka. Tun daga lokacin hankalin mai karatu ya bar yaron wata gunduma ya koma kan masu riƙe da agogon.

Yaya DanGumel, ka ce babu mutuwar da ta taɓa ka, to ina ka bar Mags? Tsohuwa ce mai kimanin shekara 80, ta miƙa kanta ranar ƙuri'a don kada a ɗauki Annie, yarinyar da Finnick, zakaran Gunduma ta 4, yake so. Da hazon nan ya biyo su, Finnick yana ɗauke da Peeta, Katniss kuma ƙafafunta sun gaza ɗaukar tsohuwar, sai ta miƙe ba tare da ta ce uffan ba, ta sumbaci Finnick, ta juya ta shiga cikin hazon. Na karanta wurin ne ina zaune kusa da kakata tana tsinkar zogale a faifai, sai da na kife littafin na fita tsakar gida na ɗan jima kafin in iya dawowa.

Malam_Sabo:
Bari in ƙara wani abu daga wajen littafin, domin ina koyar da adabin Turanci, kuma na karanta shi tare da ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe na sakandare a ƙungiyarmu ta karatu. Marubuciyar ta bayyana cewa tunanin labarin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin, a wata tasha matasa suna gasar neman suna, a wata kuma ana nuna yaƙin Iraƙi, har hotunan biyu suka cakuɗe mata. Mahaifinta sojan saman Amurka ne da ya je yaƙin Biyetnam tana ƙarama. Ta kuma ambaci tatsuniyar Girkawa ta Theseus, inda birnin Atina yake aika samari bakwai da 'yan mata bakwai zuwa tsibirin Kirit a matsayin harajin rai, da kuma bayin da Rumawa suke sa su kashe juna a dandali don nishaɗin jama'a. Sunan ƙasar ma, Panem, an ciro shi ne daga wata tsohuwar magana ta harshen Latin game da gurasa da wasanni, wato ka ƙosar da mutanen birni ka ɗebe musu kewa, su kuwa su sallama maka mulki. Littafi na biyu ya nuna wannan ƙoshin ƙarara a walimar fadar Snow, inda aka jera wani ruwa a ƙananan kofuna wanda in mutum ya sha zai amayar da abin da ya ci don ya samu wurin ƙari, alhali a Gunduma ta 12 yara suna ƙara yawan sunansu a ƙuri'ar mutuwa don a ba gidansu ɗan hatsi da mai.

Abin da nake so Malam Maikaratu ya duba shi ne, mulkin da ya ginu a kan kallo, a gaban 'yan kallo ya kamata ya fara tsagewa. Daren hirar ƙarshe, rigar amaryar da Snow ya tilasta wa Katniss sawa ta kama hayaƙi ta rikiɗe ta koma siffar tsuntsun tawaye, sannan zakarun nan 24 suka riƙe hannun juna kafin a samu katse shirin, kuma duk ƙasar ta gani. Cinna, wanda ya ɗinka rigar, ya san abin da zai biyo baya, aka kuwa yi masa dukan kawo wuƙa a gaban idonta tana tsaye a cikin bututun gilashi ba ta da ikon kai masa ɗauki. Kibiyar da ta harba a ƙarshe ma katangar fagen ta nufa. In ba a koma fagen ba, ta ina za a rusa shi?

Maikaratu_Zariya:
Na gode Malam Sabo, na gode Malama Bintu. Na janye maganata ta cewa tsoron kasuwa ne ya sa ta, domin ba ni da shaida a kan niyyar marubuciya. Amma kun taimaka mini na gane ainihin abin da ke damuna. Katniss ba ta san komai ba a duk tsawon gasar. Akwai shirin fitar da ita wanda Haymitch, tsohon zakaran da ke horar da ita, da Plutarch, shugaban masu tsara gasar, suka ƙulla, zakarun gundumomi na 3, 4, 6, 7, 8 da 11 kuma suka san wani abu daga cikinsa, ita kuwa tana can tana auna lokacin da ya kamata ta kashe Finnick. Sai a babi na 27, bayan jirgi ya tsamo ta, Haymitch ya zayyano mata komai a cikin 'yan layuka. Yarinyar da ta ɗauki nauyin gidansu tun tana 'yar shekara 11 bayan mahaifinta ya rasu a mahaƙar kwal, wadda ta saba yanke wa kanta shawara, ta koma kamar kaya ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Wannan shi ne bai kwanta mini ba.

Zulai_K:
Malam, abin da ka kira aibi, a wurina shi ne mafi gaskiyar abin da ke cikin littafin. Yarinya ce 'yar shekara 17 wadda fuskarta ta zama tuta ba da shawararta ba. Snow yana so ya yi amfani da ita ya kashe wutar, masu tawaye suna so su yi amfani da ita su rura ta, kuma babu ɓangaren da ya zaunar da ita ya tambaye ta abin da take so. Haymitch ya yi mata alkawarin cewa Peeta za a ceta, alhali ya san ba haka aka tsara ba, shi ya sa da ta ji an bar Peeta da Johanna ta Gunduma ta 7 a hannun Kafitol ta kai wa fuskarsa yakushi. Marubuciyar ta ajiye wannan cin amanar a gabanmu ne da gangan, domin mu shiga littafi na uku muna sa wa masu ceton ido su ma.

Sannan ba daidai ba ne a ce bayanin ya faɗo daga sama. Labarin daga bakin Katniss yake fitowa a daidai lokacin da abin yake faruwa, don haka abin da ba ta sani ba mu ma ba za a gaya mana ba, amma an watsa alamu tun da wuri. Plutarch ya nuna mata agogonsa a wajen walima, hoton tsuntsun ya bayyana ya ɓace, ya kuma ambaci tsakar dare. Finnick ya shigo fage da warwaron zinaren Haymitch a hannunsa. Da zuciyar Peeta ta tsaya bayan ya taɓa katangar lantarkin nan marar ganuwa, Finnick ne ya hura masa numfashi ya dawo da shi, abin da mai neman nasara ba zai taɓa yi ba. Matar Gunduma ta 6 ta tari biri da ƙirjinta saboda Peeta. Hatta burodin da ake jefo musu saƙo ne, domin daga Gunduma ta 3 yake, guda 24, wato rana ta uku, sa'a ta 24. Ka daure ka sake karanta kashi na uku yanzu da ka san sirrin, ka ga ko ra'ayinka zai tsaya inda yake.

Abbati_Kn:
Ni fim ɗin 2013 na kalla, ban karanta littafin ba tukuna, kuma a can matsalar da Malam Maikaratu yake faɗa ba ta fito sosai ba, domin ana nuna Snow da Plutarch suna tattaunawa a keɓe, sai mai kallo ya riga Katniss sanin cewa ana ƙulla wani abu. Ban kuma tuna na ga agogon da Anti Zulai ta ambata ba. Tambayata ita ce, me ya sa ɗan bajon tsuntsun da ta samo a kasuwa ya zama alamar tawayen ƙasa gaba ɗaya?

Nafisatu_Jos:
Abbati, a fim ne kawai ta same shi a kasuwa. A littafi Madge ce ta ba ta, 'yar magajin garin Gunduma ta 12, wadda masu fim suka cire ɗungurungum. A wannan littafin na biyu ne muka gano cewa bajon na innar Madge ne, Maysilee, wadda suke tagwaye da mahaifiyarta, ta mutu a gasa ta 50, wadda aka ninka yawan yara zuwa 48 kuma Haymitch ya lashe. Tsuntsun kuwa yana da tarihi. A lokacin tawayen farko Kafitol ta ƙirƙiri wasu tsuntsaye masu haddace maganar mutane don leƙen asiri, 'yan tawaye suka gane suka dinga cusa musu ƙarya, sai aka watsar da su a daji da nufin su mutu, su kuwa suka yi barbara da tsuntsayen daji suka haifar da wani iri da hukuma ba ta taɓa nufin ya wanzu ba. Ka ga dalilin da ya sa ya dace da Katniss.

Akwai wani abin da fim ɗin ya cire wanda ya shafi ƙorafin mai tambaya kai tsaye, wato haɗuwar Katniss a daji da Twill da Bonnie, malama da ɗalibarta da suka gudo daga Gunduma ta 8 bayan an murƙushe borensu an tarwatsa masaƙar da suke aiki. Su ne suka ankarar da ita cewa duk lokacin da aka nuna kufan Gunduma ta 13 a talabijin tsohon hoto ɗaya ake maimaitawa, domin fiffiken tsuntsu guda yake giftawa a lungu ɗaya. Wato littafin ya ba mu muryar talakawan da ke tawaye, sai dai na yarda ba ta yi yawa ba.

Hajiya_Ladidi:
Ku gafarce ni in ɗan karkata zancen, amma ya shafi littafin. 'Yata mai shekara 13 ce ta aro shi a wurin ƙawarta, na karɓa na karanta kafin in bar mata, kamar yadda na saba. Ban ga batsa a ciki ba, amma akwai abubuwan da sai da muka zauna muka tattauna: kwanan da Katniss da Peeta suke yi a ɗaki ɗaya a jirgin ƙasa saboda mugayen mafarkai, da ƙaryar da Peeta ya yi a talabijin cewa sun yi aure a ɓoye kuma tana da juna biyu, da kuma shan giyar Haymitch. Na gaya mata cewa al'adar mutanen labarin daban, tarbiyyarmu daban. Abin da ban zata ba shi ne, ita duk wannan bai dame ta ba, abin da ya sa ta kuka shi ne sa'ar nan da aka tsare Katniss da Finnick a yankin tsuntsaye suna jin kururuwar Prim, ƙanwar Katniss, da Annie. Ta zo ta same ni a kicin ina kwasar tuwo ta ce, Mama, da gaske akwai mutanen da za su yi wa wani haka? Ina so in ji daga malamai, shekara nawa kuke ganin ya dace yaro ya kai kafin a ba shi?

Malam_Sabo:
Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika karanta kafin ki miƙa mata. Ni ban ba ɗalibin da bai kai shekara 15 ba, kuma ko su ɗin ma tare muke karantawa. Amma tambayar da 'yarki ta yi ta nuna ta fahimci littafin fiye da wasu manya. Ki kuma gaya mata cewa labarin bai tsaya a takarda ba, domin masu zanga-zanga a Tailan sun ɗauki gaisuwar yatsu ukun nan bayan juyin mulkin 2014, haka ma a Miyanma bayan na 2021.

Baban_Sadik:
Ina so in koma kan maganar Malam Maikaratu ta farko, cewa da an bar mu a gunduma. Ni ina goyon bayansa, kuma ba don ilimin adabi ba, don abin da na gani da idona. Na zauna a garin da aka sa wa dokar hana fita na tsawon lokaci, don haka babukan da suka biyo bayan zuwan sabon shugaban dakaru, Thread, ban karanta su kamar ƙagaggen labari ba. Tsohon shugaban yana sayen naman daji a hannun mafarauta ya kau da kai, sabon kuwa daga zuwansa ya ɗaure Gale, abokin farautar Katniss, a dandali ya yi masa bulala aƙalla 40 a kan talo-talo guda ɗaya. Aka ƙone kasuwar bayan fage inda talaka yake samun ɗan abin sawa a baka, aka rufe mahaƙar kwal na mako biyu, aka sa wa shingen wuta dare da rana, abincin da aka saba kawowa duk wata ya fara zuwa a ruɓe. Abin da marubuciyar ta kama daidai shi ne yadda mutane suka fara kauce wa Katniss a hanya, domin tsoro yakan fara raba maƙwabta ne kafin ya haɗa su. A unguwarmu na ga mai shayin da muka shekara goma muna zama a teburinsa yana kwashe kofunansa tun la'asar ba ya ko ɗaga kai ya amsa sallama, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Mahaifiyar Katniss tana jinyar waɗanda aka yi wa bulala a kan teburin cin abinci da dusar ƙanƙara da ganyayyaki, Madge kuma ta ratso sanyi da dare ta kawo maganin rage zafin mahaifiyarta don a ba Gale. Irin waɗannan mutanen na so a ƙara mini, fagen agogo kuwa, duk da hikimar da ke cikinsa, bai kama ni kamar su ba.

Ummi_Marubuciya:
Allah ya kiyaye gaba, Baban Sadik. Ni ta fuskar rubutu nake kallonsa, domin ina ɗan taɓa rubuta labarai. Mu da muka tashi da littattafan Hausa masu kashi na 1, na 2 da na 3 mun san wahalar littafin tsakiya: dole ya riƙe mai karatu, kuma ba shi da ikon warware komai. Mun kuma san salon yanke labari a wuri mai zafi a ce mu haɗu a littafi na gaba. Haka aka yi a nan, inda Gale ya shaida mata cewa ya fitar da mahaifiyarta da Prim, amma an yi wa Gunduma ta 12 ruwan bama-bamai, babu ita. Waɗanda suka karanta a 2009 sai da suka jira har watan Agusta na 2010 kafin na uku, Mockingjay, ya fito. Inda nake da ƙorafi shi ne batun samari biyu. Na fahimci cewa Gale yana wakiltar fushi da ɗaukar makami, Peeta kuma yana wakiltar tausayi da iya magana, amma sau da yawa ana tsakiyar maganar rai da mutuwa sai a tsaya ana auna wanda take so, kuma ita kanta ta faɗa cewa tsoro bai bar mata wurin wannan tunanin ba.

Ummu_Hanif:
Ummi, a nan ma ina da ja. Soyayyar ba ado ba ce a labarin, domin ita ce Snow ya ɗora a matsayin sharaɗin rayuwar iyalinta, har ya kai ga mutanen Kafitol ne suke kaɗa ƙuri'ar zaɓar mata rigar aure. Yarinyar da aka tilasta wa nuna so a gaban kyamara, ta yaya za ta gane wanda ke zuciyarta da gaske? Ruɗewarta ita ma ɓarnar Snow ce.

DanGumel_84:
Malama Bintu, na koma na duba wurin Mags, kuma na karɓi gyara a kansa. Amma na ƙirga, tsakanin shigarta hazon da harin birai shafuka kaɗan ne, ba a bar Finnick ya yi makokinta ba sai daga baya. Har yanzu ina nan a kan cewa da an rage babukan gwajin riguna da shirye-shiryen biki an ƙara wa kashi na uku, da littafin ya fi daidaituwa. Ga masu son ƙarin bayani a kan gasa ta 50 da Nafisatu ta ambata, marubuciyar ta fitar da Sunrise on the Reaping a watan Maris na 2025, labarin Haymitch ne tun yana ɗan shekara 16.

Maikaratu_Zariya:
Na bi shawarar Malama Zulai, na sake karanta babi na 19 zuwa na 23 bayan sallar isha'i, kuma gaskiya ne alamun suna nan, har na yi mamakin yadda warwaron nan ya wuce ni a karon farko. Na yarda cewa fagen ba maimaici ba ne. Amma maganar Baban Sadik ta ƙara ƙarfafa mini abin da na fara ji, domin boren Gunduma ta 8, wanda shi ne babban al'amarin da ya faru a ƙasar a wannan shekarar, a allon talabijin na ofishin magajin gari kawai Katniss ta hango shi na 'yan daƙiƙu, sauran kuma labari aka ba ta. Ina da tambaya ga waɗanda suka karanta na uku, ba tare da kun tona mini ƙarshensa ba: shin ana shiga cikin gundumomin a zauna da mutanensu, kuma shin Twill da Bonnie sun isa inda suka nufa?

Nafisatu_Jos:
Ana zuwa Gunduma ta 8 da ta 2, Malam, kuma za ka ga asibitin da zai tuna maka maganar Baban Sadik. Batun Twill da Bonnie kuwa an amsa shi tun a farkon littafin, cikin layi biyu ko uku kacal, don haka ka karanta a hankali kada ya wuce ka.